Fallayen Roba na Albam ɗin Sulalla: Tambayoyi da Amsoshi kan Cirewa, Sharewa da Canzawa

Albam ɗin da ake magana a kansa a nan shi ne mai shafukan kwali masu kauri, waɗanda aka huda musu gurabe daga wannan fuska har waccan. Kowane layin gurabe yana da fallen roba biyu masu haske, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ana zura su ta gefen shafi. Irinsa ne kamfanonin Amurka kamar Dansco da Whitman da Littleton ke yi. Tsarin ya daɗe, domin tun shekarun 1930 dillalin sulalla Wayte Raymond na birnin New York ya yaɗa shi. Daɗinsa shi ne mutum yana ganin fuskokin kwandala biyu ba tare da ya taɓa ta ba. Matsalarsa kuma tana tattare da fallen, musamman a lokacin da yake motsi.

Mene ne aikin fallen, kuma me ba ya iya yi?

Yana hana kwandala faɗowa, yana kuma tsare ta daga yatsa da numfashin mai kallo. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya toshe iska, domin bakin hanyar da ake zura shi a buɗe yake, kwalin kansa kuma yana shan laima yana fitarwa. Kwandalar azurfa da ta shekara goma a albam za ta iya sauya launi ko da ba a taɓa zare fallenta ba.

Ta yaya roba mai laushi za ta karce ƙarfe?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin wanda ya gane amsarta zai gane sauran da kansa.

Galibi ba robar ce ke yin karcen ba, abin da ta ɗauko ne. A ma'aunin tauri na Mohs, wanda ke tafiya daga 1 zuwa 10, azurfa da zinariya suna tsakanin 2.5 da 3, jan ƙarfe kuma wajen 3. Ƙwayar yashi tana kan 7. Ƙurar da ke yawo a kowane ɗaki tana ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi, ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganinsu. Roba kuwa idan an goge ta ko an ja ta tana tara cajin lantarki, wanda ke jawo ƙura ya manne ta a jikinta. Ƙwaya ɗaya ta isa. Idan ta shiga tsakanin falle da kwandala, sai ta ɗan nutse a cikin robar ta tsaya, robar ta riƙe ta, kai kuma ka ja. A wannan lokaci fallen ya zama samfefa.

Shi ya sa karcen falle yake da kamanni nasa na daban. Layuka ne siraran gaske, a jere suke bi da bi, duka suna bin hanyar da fallen ke bi, kuma a wuraren da suka fi tudu kaɗai suke fitowa. A dalar Morgan, kwandalar azurfa ta Amurka wadda aka buga daga 1878 zuwa 1904 sannan a 1921, kuncin matar da aka zana a fuskarta ne ke fara shan wahala, saboda fili ne mai faɗi, a ɗage, ba wani zane da zai ɓoye tabo. Haka kuncin Benjamin Franklin da aka zana a rabin dala na 1948 zuwa 1963. Dalar Peace ta 1921 an buga ta da zane mai tudu fiye da na shekarun da suka biyo baya, don haka ta fi saurin taɓa roba.

Karcen ba ya gyaruwa. Ƙarfe ne aka ture daga wurinsa, kuma duk abin da za a yi don ɓoye shi, kamar gogewa ko shafa wani sinadari, ƙara ɓarna yake yi. Kamfanonin tantance daraja irin su PCGS, da aka kafa a 1986, da NGC, da aka kafa a 1987, suna aiki da ma'aunin Sheldon mai maki 1 zuwa 70, inda 70 ke nufin marar tabo ko kaɗan, kuma layuka uku ko huɗu a kunci suna iya sauko da kwandala daga maki 65 zuwa ƙasa. A sulallan wasu shekaru da ke da wuyar samu, maki ɗaya kan raba farashi gida biyu.

Na ga layi a kan wata kwandalata. Yaya zan gane a roba yake ko a ƙarfe?

Kada ka yi gaggawar zare fallen don dubawa. Kashe sauran fitilu, ka bar guda ɗaya tak, ka riƙe shafin a ƙarƙashinta kana karkatar da shi a hankali. Tunda akwai ɗan tazara tsakanin roba da ƙarfe, layin da ke kan roba zai riƙa gusawa a kan zanen kwandala duk sanda ka canza inda kake kallo, wani lokaci har ka ga inuwarsa a ƙasa. Wanda ke kan ƙarfe yana nan daram a inda yake. Layin roba kuma sau da yawa yakan wuce bakin kwandala ya ci gaba a kan kwali. Gilashin ƙara girma mai ninki biyar zuwa goma ya wadatar.

Idan a ƙarfe yake, akwai sauran bambancewa. Karcen da gogewa da tsumma ke bari yana bin ko'ina, har cikin filin da ke ƙasa da zane, kuma ba alƙibla ɗaya yake bi ba. Layukan da suka zo daga gidan buga kuɗi, sakamakon goge hatimin bugawa, a ɗage suke maimakon su nutse, kuma suna tsayawa a gindin zane ba su hau kansa ba. Waɗannan ba laifin albam ba ne.

Yaya ake zare falle ba tare da an yi ɓarna ba?

Fara da wurin aiki. Shimfiɗa tawul mai tsabta a kan tebur, ka wanke hannu ka busar da shi sosai. Idan albam ɗin mai kusoshin murɗawa ne, ka kwance su ka fitar da shafin da za ka yi aiki a kai. Shafin da ke kwance shi kaɗai ba ya lanƙwasa, lanƙwasar shafi kuwa ita ce ke matse roba a kan ƙarfe.

Kafin ka ja komai, duba shafin ta gefe, daidai da idonka. Idan ka ga wata kwandala ta taso tana jingine da fallen gaba, ko ta karkace a gurbinta, danna ta ta kan robar da yatsa, kai tsaye ƙasa, ba tare da murzawa ba, har ta rabu da fallen. Sannan ka ɗora yatsa a kan robar a inda kwali ne a ƙarƙashi, ka tura ta kaɗan har bakinta ya leƙo, ka kama shi ka ja a miƙe, a hankali, ja ɗaya. Kada ka ɗaga bakin sama ko ka sunkuyar da shi, domin idan gefe ɗaya ya tashi ɗayan yana sauka kan kwandala. Kada kuma ka yi ta kai da komowa. Idan ya cije, tsaya ka nemi dalili.

Akwai dabara guda da nake ganin kowa ya kamata ya riƙe: kada ka zare fallen fiye da yadda ake buƙata. Idan gurbin da za ka cika shi ne na biyu daga baki, ba dalilin da zai sa roba ta bi ta kan sauran huɗun da ke ciki gaba ɗayanta. Ja ta daidai inda gurbin ya buɗe, ka tsaya.

Da wajen mayarwa fa?

Nan ne aka fi yin ɓarna, saboda bakin falle yana shigowa da kaifinsa, kuma mutum ya ƙosa ya ga shafi ya cika.

Fallen baya yana zama a wurinsa. Riƙe kwandala ta gefenta, ka daidaita ta yadda kanta zai kalli sama, ka fara sa gefe ɗaya a gurbin sannan ka danna ɗayan. Danna ta ta cikin tsumman auduga mai tsabta ko safar hannu, kuma a bakinta za ka danna, ba a tsakiyar fuska ba. Abin da ake nema shi ne ta zauna a tsakiyar kaurin kwalin, ba ta taɓa gaba ba ta taɓa baya. Mutane da yawa kan tura ta har ƙarshe don su tsare fuskar gaba, sai bayan ya kwanta a kan ɗaya fallen, ranar da aka ja shi kuma gaggafar da aka zana a bayan kwandalar ce za ta karce.

Hura wa fallen iska ta fuska biyu kafin ya shiga. Yayin da yake shiga, sa ido a kan bakinsa duk sanda ya iso wani gurbi. Idan ya yi karo da bakin kwandala, ja da baya kaɗan, ka gyara zamanta, kada ka tura da ƙarfi.

Zan iya hura ƙurar da bakina?

A'a. Numfashi yana fita da ɗigon yawu da ba ka gani, kuma a kan jan ƙarfe kowane ɗigo yana iya zama baƙin tabo bayan watanni. Yi amfani da famfon robar nan da ake matsawa a hura gilashin kyamara. Ko magana ma ka rage ta muddin kwandala tana buɗe a gabanka.

Safar hannu dole ce?

Ga kwandalar da ba ta taɓa yawo a hannun mutane ba, dole ce. Gumi yana ɗauke da gishiri da maiƙo, kuma zanen yatsa da ya kwana biyu a kan jan ƙarfe yana cin ƙarfen ya zauna. Safar auduga tana da kyau amma tana da santsi, kuma tana zubar da zare. Ta nitiril marar hoda ta fi riƙo. A guji ta roba zalla, wato latas, domin tana ɗauke da farar wuta, wadda ke baƙanta azurfa.

Ana wanke tsohon falle, ko sai dai a canza?

Idan ƙura ce kawai, iska ta isa. Idan zanen yatsa ne, a cire fallen gaba ɗaya a nisanta shi da shafin, a shafa da tsumman share tabarau mai ɗan danshin tataccen ruwa, a bar shi ya bushe ƙarau kafin a mayar. Danshin da aka kulle a gurbi ya fi zanen yatsan illa. Kada a yi amfani da tishu, yana karce roba. Kada a kusanto da ruwan share gilashin taga, yawancinsa yana da amoniya, wadda ba ta shiri da jan ƙarfe. Asiton kuwa, wanda masu tara sulalla ke wanke kwandala da shi, narkar da fallen da aka yi da robar asitet yake yi nan take.

Fallen da ya kamata a jefar shi ne wanda ya tsage, wanda bakinsa ya karye ko ya yi kaifi, wanda ya kumbura yana lanƙwasowa ciki, wanda ya yi rawaya ya bushe, da wanda ke danƙo ko wari. Haka wanda karce mai zurfi ya cika shi, domin a cikin waɗannan layukan ƙwayoyin yashi ke maƙalewa.

Amma idan ɗan dushewa ne kawai, kuma sulallan da ke ƙarƙashinsa sun zauna lafiya shekara da shekaru, ra'ayina a bar shi. Canza falle yana nufin roba za ta bi ta kan kowace kwandala sau biyu, ɗaya wajen fita ɗaya wajen shiga. Bai kamata a ɗauki wannan kasada don kawai shafi ya yi kyaun gani ba.

Da wace irin roba ake yin su, kuma wacce ce mai haɗari?

Tsofaffin albam na zamanin Raymond da selulod aka yi fallayensu. Yana yin rawaya, yana bushewa, kuma yana kama wuta cikin sauri. Bayansa aka koma asitet, wanda har yau ake amfani da shi sosai. Asitet ba shi da laifi muddin yana da lafiya, sai dai idan zafi da laima suka daɗe a kansa yakan fara ruɓewa yana fitar da asid, ka ji warin tsami irin na ruwan kal da zarar ka buɗe albam. Wannan cuta ce da masu adana tsofaffin finafinai suka sani ƙwarai. Idan ta fara ba ta tsayawa, kuma tururin yana hanzarta lalacewar sauran fallayen da ke kusa. A nan ba a jira, a canza duka.

Wadda ta fi kowace zama lafiya ita ce foliyesta marar shafe, irin wadda ake sayarwa da sunan Mylar ko Melinex. Ita gidajen tarihi ke amfani da ita.

Mai haɗarin ita ce PVC mai laushi. Don a tausasa ta ake zuba mata wasu sinadarai masu maiƙo, kuma da tafiyar lokaci suna tsatsowa su kwanta a kan ƙarfe. Da farko hazo ne kawai, daga baya ya zama koren danƙo, idan aka ƙyale shi kuma asid ɗin da ke tattare da shi ya ci fuskar kwandala ya bar ƙananan ramuka. An fi samunta a albam masu shafukan aljihu masu laushi da ƙananan jakunkunan da dillalai ke ba da kwandala a ciki, amma wanda ya yanko falle daga kowace irin roba da ya samu zai iya shigo da ita da hannunsa. Alamarta laushi, ɗan maiƙo a yatsa, da warin sabuwar leda mai ƙarfi.

Akwai gwaji da ake kira da sunan masanin sinadarai Beilstein. Ana ƙona wayar jan ƙarfe har harshen wutar ya daina canza launi, a taɓa ta da ɗan guntun robar da aka yanka, a mayar cikin wuta. Idan harshen ya koma kore, akwai kilorin, wato PVC ce. A yi shi a inda iska ke kaɗawa, nesa da albam, kuma kada a gwada shi da tsohon fallen da ake zaton selulod ne.

Fallen wani kamfani zai shiga albam ɗin wani?

Ba a dogara da haka. Faɗi da tsawo da kauri sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har ma daga shafi zuwa shafi a kamfani ɗaya, domin girman kwandala ke yanke faɗin layi. Sent ɗin Amurka milimita 19.05 ne, kwata, wato rubu'in dala, 24.26, rabin dala 30.61, dalar Morgan 38.1, kwandalar azurfa ta Silver Eagle da aka fara bugawa a 1986 kuma 40.6. Nemi lambar albam ɗinka, ka sayi fallayen da aka yi mata. Wanda ya yi kauri zai buɗa hanyar ya ɗaye takardar da ke rufe kwalin. Wanda ya yi siriri zai riƙa zamewa da kansa duk sanda aka ɗaga albam, kuma wannan ƙaramin motsi na kullum ma karce yake yi.

Albam ɗina an daina yin irinsa. Zan iya yanka falle da kaina?

Za ka iya. Samu foliyesta ta adana takardu mai kauri daidai da tsohon fallen, ka auna da shi, ka yanka da rula ta ƙarfe da sabuwar reza a kan katako mai santsi. Almakashi yana barin baki mai karkata. Bayan yanka, shafa yatsa a bakin: za ka ji gefe ɗaya ya ɗan tashi da kaifi. Wannan gefen ya kalli waje, kada ya kalli kwandala. Zagaye kusurwoyi biyun da za su fara shiga don kada su huda takardar shafi. Gwada shi a layin da ba komai a ciki tukuna. Robar da ake bugawa a firinta ba ta dace ba, an shafa mata sinadarin kama tawada.

Kwandala tana juyawa a gurbinta. Me zan yi?

Gurbin ya yi mata yawa, kuma hakan ya fi faruwa da waɗanda suka sha yawo har gefensu ya cinye. Yanko siririn zaren foliyesta ko takarda marar asid, ka naɗa a jikin bangon gurbin, ka mayar da ita. Ban da gam, ban da salatif, ban da kyauro. Idan kuma gurbin ne ya matse, faɗaɗa shi da wata kwandala irinta marar daraja, kana juya ta a ciki a hankali, kafin ka sa ta kirkin.

Sulallan azurfata sun yi zobe mai launi a gefe. Fallen ne?

Kwalin ne. Yawancin kwali yana da ɗan burbushin farar wuta, kuma tunda gefen kwandala ne ke manne da shi, daga nan launin ke farawa yana shiga ciki: ruwan zinariya, sannan ja, sannan shuɗi, a ƙarshe baƙi. Akwai masu tara sulalla da ke biyan ƙari a kan wannan launi idan ya yi kyau, shafukan Raymond ma da shi suka yi suna. Canza falle ba zai tsayar da shi ba. Wanda ba ya so sai ya nemi albam ko gidan kwalin da ake zura albam a ciki mai fasahar Intercept, wadda aka ƙirƙiro a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, inda aka cakuɗa ƙwayoyin jan ƙarfe cikin roba don su kama iskar farar wuta kafin ta isa ga azurfa.

Yaya zan ajiye albam don fallayen su daɗe?

A tsaye, cikin gidansa na kwali idan yana da shi. Tara su kan juna yana danne shafukan ƙasa, roba ta kwanta a kan ƙarfe. Wurin ya zama mai sanyi daidai, laimarsa ƙasa da kashi 50 cikin ɗari, ba inda rana ke bugawa ba. Sa ƙunshin silika mai shan laima a akwatin da ka ajiye shi, ka riƙa busar da shi lokaci lokaci. Yawancin akwatunan ƙarfe masu kare gobara suna riƙe danshi a bangonsu, don haka su suka fi buƙatar silikar. Ɗanyen katako da sabon fenti suna fitar da tururin asid, a nisanta albam da su.

Akwai sulallan da bai kamata a sa a irin wannan albam ba?

Akwai. Waɗanda aka buga na musamman masu fuska mai sheƙi da ɗaukar ido, da 'yan harka ke kira furuf, ko ƙwayar ƙura ɗaya tana barin layi a kansu da za a hango daga nesa. Haka sabon jan ƙarfe da bai rasa jansa ba, da duk kwandalar da darajarta ta rataya a kan maki ɗaya ko biyu. Waɗannan wurinsu kwanson roba mai tauri ne da ke riƙe su ta gefe, ko akwatin kamfanin tantancewa. Akwai albam da aka yi wa gurabe daidai girman kwanson, ga mai son ya ga jerinsa a shafi ɗaya.

Albam mai falle ya fi dacewa da sulallan da suka riga suka yi yawo, waɗanda ɗan layi ba zai canza musu komai ba. Idan kuma kana cika jerin sababbi ne a hankali, tara su a kwansonsu har layi guda ya cika, sannan ka zare fallen sau ɗaya ka jera su duka ka rufe.